Yadda Ake Yi wa Keke Cikakken Gyara a Gida Kafin Shigowar Hunturu

Lokacin da ya fi dacewa a kwance keke a duba shi tun daga kai har ƙafa shi ne ƙarshen damina, kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa, domin a lokacin ruwan sama da taɓo sun riga sun wanke giris ɗin da ke cikin boris, sun bar tsatsa a jikin sarƙa da wayoyin birki, kuma idan aka shiga hunturu a haka ƙura za ta sami mazauni a duk inda ke da danshin mai, ta riƙa cin ƙarfe a hankali ba tare da mai keke ya lura ba. Yawancin kekunan da ake gani an jingine su a zaure an ce sun mutu, abubuwa uku ne suka taru suka kashe su: hawa a kan taya marar isasshiyar iska, da labta wa sarƙa baƙin mai, da ƙyale ɗan girgiɗin da ya fara a ƙafa ko a feda har ya girma. Duk ukun kuwa mutum na iya maganinsu da hannunsa a tsakar gida.

Kekuna iri biyu ne suka fi yawa a hannun jama'a, kuma aikin kowane yana da ɗan bambanci. Akwai baƙin keke na gargajiya mai babbar taya da birkin ƙarfe, irin su Raleigh da Phoenix da Hero da Avon, wanda manoma da 'yan tireda da masu kai kaya kasuwa suka fi amincewa da shi, sannan akwai kekunan gwanjo masu giya da birkin waya, waɗanda ɗalibai da masu hawa don motsa jiki suka fi so. Wanda ya gaji tsohon Raleigh, ko na Nottingham a Ingila ne ko wanda aka haɗa a masana'antar kamfanin da ta taɓa aiki a Kano, ya kamata ya sani cewa yawancin notinansa an yi su ne da awon inci, kuma zaren wasu sassansa ya bambanta da na sauran kekuna, saboda haka idan noti ya ƙi shiga da yatsa, kada a tilasta masa da sifana, don zaren ne za a cinye.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar sifana mai lamba 8 da 9 da 10 da 13 da 15 da 17, da filaya, da sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da ƙaramar guduma, da ƙarafan ɓanɓare taya guda biyu, da famfo, da sholisho, da faci, da samfefa, da giris, da kananzir, da tsohon buroshin haƙori, da tsummoki masu yawa. Mai keken gwanjo zai ƙara da makullan nan masu kusurwa shida, musamman masu lamba 4 da 5 da 6, domin kusan duk kusoshin kekensa da su ake kwance su. A shimfiɗa buhu ko tabarma a ƙasa kafin a fara, saboda boris ɗaya da ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan.

Aiki na farko shi ne wanki, da bokitin ruwa da sabulu da soso, daga sama zuwa ƙasa. Kada a kai keke wurin masu wankin mota su fesa masa ruwan inji, domin ƙarfin ruwan yana kutsawa cikin hob, wato cibiyar ƙafar keke, da gindin feda ya kore giris, ya bar ruwa a madadinsa. Idan ya bushe, a bi firam ɗin da ido, musamman wuraren da aka yi walda da kuma inda cokalin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ya haɗu da wuyan keke; fenti da ya tattare ko ya tsage a irin waɗannan wurare alama ce ta ƙarfen da ya tanƙware ko ya fara tsagewa, kuma wannan ba gyaran gida ba ne.

Taya da tif

A nan ne mai keke ya fi shan wahala, musamman a hanyoyin gona inda tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa suke warwatse. Kafin a zargi tif, a fara gwada bawul: a shafa masa ɗan yawu a baki, idan ya yi kumfa to daga nan iskar ke fita. Bawul ɗin baƙin keke yana da wata 'yar siririyar roba a cikinsa wadda zafi ke busarwa ta tsage, kuma canza ta bai wuce aikin minti ɗaya ba; mutane da yawa sun ɓanɓare taya a banza alhali wannan 'yar robar ce kawai ta lalace. Kekunan gwanjo kuwa suna zuwa ne da bawul irin na mota, ko kuma wani siriri mai ɗan noti a kansa wanda sai an warware shi kafin iska ta shiga, don haka a tabbatar bakin famfon da aka saya ya dace da irin bawul ɗin da ke jikin keken.

Idan bawul lafiya yake, a sace sauran iskar gaba ɗaya, a matsa gefen tayar zuwa tsakiyar rim ko'ina, sannan a sa ƙarfen ɓanɓarewa daga ɓangaren da ke nesa da bawul, a ɗaga gefe ɗaya kawai na tayar. Sukundireba ba ta dace da wannan aiki ba, domin bakinta yana tsinke tif. Idan babu ƙarfen da aka yi don haka, mariƙin tsohon cokali ya fi ta. A zaro tif, a ɗan hura masa iska, a riƙa nutsa shi kaɗan-kaɗan cikin kwanon ruwa har a ga inda kumfa ke tashi, kuma ko an sami huda ɗaya a ci gaba har a zagaye shi duka, saboda tsidau ba ya huda wuri ɗaya ya tsaya. A yi wa wurin alama da biro, a goge ruwan sarai, a kankare da samfefa faɗin da ya ɗan fi facin girma har robar ta daina sheƙi, sannan a shafa sholisho siriri da yatsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gaggawa: sholisho ba ya kamawa yana ɗanye, sai an bar shi kamar minti biyar ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a ɗora facin a danne shi da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. Masu faci na bakin hanya suna yanka facinsu daga tsohon tif, su kankare bayansa su shafa masa sholisho shi ma, kuma yana riƙewa ƙwarai matuƙar an zagaye kusurwoyinsa da almakashi.

Kafin a mayar da tif, dole ne a gano abin da ya huda shi, in ba haka ba za a sake wannan aikin kafin a kai bakin titi. A bi cikin tayar da tsumma a hankali. Duk inda ya maƙale akwai ƙaya ko guntun waya, sai a tura ta waje da bakin filaya. Siffar hudar ma tana ba da labari. Idan tsaga biyu ne a jere kusa da juna, rim ne ya matse tif a lokacin da aka faɗa rami da taya marar iska. Idan hudar tana ɓangaren da ke kallon rim ne, to ko dai kan sifok, wato wayar da ta haɗa rim da hob, ne ya leƙo, ko kuma robar da ake shimfiɗawa a cikin rim ta goce ko ta ruɓe, sai a goge kan sifok ɗin da zarto a sa sabuwar roba. Wajen mayarwa, a sa wa tif 'yar iska don ya yi siffa, a fara zura bawul a miƙe, a cusa sauran, sannan a mayar da gefen tayar da manyan yatsu, a ƙare a ɓangaren da ke nesa da bawul. Mai bin hanyar ƙaya kullum zai amfana idan ya yanke bawul ɗin wani tsohon tif, ya tsaga shi a tsaye, ya shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma ƙananan ƙayoyi ba za su riƙa isa ga tif ba.

Yawan iskar da taya ke bukata a rubuce yake a gefenta, kuma shi ya kamata a bi, musamman idan famfon yana da agogon awo. Idan babu, a danna tayar da babban yatsa da ƙarfi: ta baya kada ta lotsa sai ɗan kaɗan, kuma idan mutum ya hau kada cikinta ya baje a ƙasa. A riƙa dubawa kowane mako, domin tif ko da babu huda yana sace iska a hankali. Haka kuma kada a saba ajiye keke cikin rana tsaka, saboda rana ce ke busar da gefen taya har ya yi tsage-tsage tun haƙoranta ba su cinye ba.

Wajen sayen sabuwar taya akwai tarkon da ke kama mutane da yawa, wato lambar inci kaɗai ba ta isa ba. Tayar baƙin keke mai rubutun 28 x 1½ faɗin bakinta milimita 635 ne, alhali wadda ake rubuta wa 700C, wadda ita ma wasu ke kira 28, milimita 622 ce, kuma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Haka 26 x 1.95 ta keken gwanjo milimita 559 ce, amma 26 x 1⅜ milimita 590 ce. A nemi wasu lambobi biyu da ke gefen tsohuwar tayar, kamar 40-635 ko 50-559. Ta farkon kaurin taya ce, ta biyun kuma ita ce dole ta zo daidai.

Boris da sifok

A kifa keken a kan sirdi da mariƙinsa, a kama ƙafar a girgiza ta hagu da dama. Idan an ji tana ƙwas-ƙwas, boris ya saki. Idan kuma an juya ta aka ji tana gurza ko ta tsaya da wuri, giris ya ƙare ko an ɗaure ta fiye da kima. A cire ƙafar, a kwance notin kulle da kon, wato notin da ke danne boris, na gefe ɗaya kawai, a bar ɗaya gefen yadda yake don kada tsakiyar shaf ɗin, wato sandar da ƙafar ke juyawa a kanta, ta goce. Wannan aikin yana bukatar wata sifana mai siririn baki, galibi lamba 13 a gaba da 15 a baya, wadda za ta riƙe kon yayin da ake juya notin kulle. A zaro shaf ɗin a kan tsumma, a ƙirga boris ɗin kowane gefe. Yawanci goma-goma ne ƙanana a ƙafar gaba, tara-tara manya a ta baya. A wanke komai da kananzir, a duba hanyar da boris ke bi a jikin kon: idan santsi ce mai sheƙi lafiya lau, idan kuwa ta yi ramuka sai a canza kon ɗin. Boris ba shi da tsada, don haka gara a zuba sabo gaba ɗaya maimakon a gauraya tsoho da sabo. A cika mazauninsu da giris, a jera su a ciki, a mayar da shaf, a ɗaura kon da yatsa har ya taɓa boris, a ɗan sassauta shi kaɗan, sannan a riƙe shi a ɗaure notin kulle a kansa. Abin da ake nema shi ne ƙafar ta juya sumul ba tare da girgiɗi ba, kuma ba kasafai ake dacewa da hakan a gwajin farko ba, sai an kwance an sake.

Daga nan a matsa sifok bibbiyu da hannu a zagaye ƙafar, a nemo waɗanda suka saki. Don gano inda rim ya karkace, a riƙe alli a jikin cokali ko firam kusa da gefen rim, a juya ƙafar. Inda allin ya shafa, nan ne rim ya kauce zuwa wannan gefen. Gyaransa shi ne a ɗaure sifok ɗin wurin da suka tafi ɗaya gefen na hob, a ɗan sassauta waɗanda suka tafi gefen da allin yake, kuma kada a wuce rubu'in juyi a lokaci guda kafin a sake juya ƙafar a gani. Aiki ne na haƙuri, kuma mai garaje yakan mayar da ƙaramar karkata ta zama babba. Sifok da ya karye a canza shi nan da nan, a tafi da karyayyen kasuwa don a sami mai tsawonsa, domin idan aka bar gurbinsa nauyin yana komawa kan maƙwabtansa su ma su bi shi. Idan a ƙafar baya ne ta gefen sarƙa, sai an cire firiwil, wato haƙoran baya da sarƙa ke hawa, kafin sabon ya shiga, kuma wannan ya fi sauƙi a wurin mai gyara da ke da makullinsa.

Sarƙa

Baƙin man da aka juye daga injin mota ko babur shi ne abin da aka fi shafa wa sarƙa, saboda kyauta ake samunsa, amma a ganina babu abin da ya kai shi cutar da keke. Yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da baƙin hayaƙi tun daga inda ya fito, kuma da zarar ƙurar hunturu ta hau kansa sai ya koma kamar toka da yashin da ake dirje tukunya da su, yana cin sarƙar da haƙoran firiwil a kowane juyi. Man gyaɗa da manja ma ba su dace ba, domin suna daskarewa su yi danƙo.

A sarƙar baƙin keke akwai wata gaɓa mai ɗan maƙalli da ake zamewa da filaya. A cire ta, a jiƙa sarƙar cikin kananzir a tsohon gwangwani, a girgiza, a bi ta da buroshi, a sake ɗauraye ta da sabon kananzir, a rataye ta bushe. Kada a yi amfani da fetur, saboda haɗarin gobara. Wajen mayar da maƙallin, rufaffen bakinsa ne zai kalli inda sarƙar ke tafiya, don kada wani abu ya taɓa shi ya fizge shi. Wanda sarƙarsa ba ta da irin wannan gaɓa zai iya wanke ta a jikin keken da tsumma da buroshi yana juya feda baya. Man da ya dace shi ne wanda aka yi don sarƙa, idan babu kuma sabon man inji mai tsabta ya wadatar. Man keken ɗinki yana aiki, sai dai ba ya daɗewa. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa ta ɓangaren ciki, a juya feda baya sau da yawa, a bar shi ya ratsa na ɗan lokaci, sannan a goge bayan sarƙar da busasshen tsumma har ta kusa bushewa a ido. Man da ke aiki yana can cikin gaɓoɓin ne, wanda ya rage a waje kuwa ƙura kawai yake tarawa.

Sarƙa tana ƙara tsawo yayin da take cinyewa, kuma ana iya auna hakan da rula. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da mai bi mata rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa idan aka ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta zarce alamar da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canza sarƙa ya yi. Idan ta zarce da milimita 3, to haƙoran firiwil ma sun riga sun cinye sun yi tsini, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai dai a canza su tare. A lura kuma cewa sarƙar keke marar giya ta fi ta mai giya kauri, ita ma ta mai giya kaurinta ya danganta da yawan haƙoran baya, don haka a gaya wa mai shago ko jeri nawa ne. A keke marar giya, tsaurin sarƙa ana daidaita shi ne ta hanyar ja da ƙafar baya da 'yan notinan nan biyu da ke ƙarshen firam. A juya feda a nemo inda sarƙar ta fi tsauri, a bar mata wasan kamar santimita ɗaya sama da ƙasa a wurin, a tabbatar ƙafar tana tsakiyar firam, sannan a ɗaure manyan notinan. Murfin sarƙa da wasu ke cirewa su yar saboda ƙara, gara a gyara masa zama a bar shi, domin yana tare ƙura, yana kuma hana sarƙa cin bakin wando ko riga.

Feda, birki da giya

Idan ana jin hannun feda yana faɗawa gaba kaɗan a kowane zagaye, a baƙin keke kotafin ne ya saki, wato ƙusar nan mai noti da ke riƙe hannun feda a jikin shaf. Ɗaure notin kaɗai ba ya jawo ta, zarenta ne zai tsinke. A tokare ƙarƙashin hannun fedar da guntun bututun ƙarfe ko katako mai rami don kada bugun ya sauka a kan boris, a buga kan kotafin ɗin da guduma ya shige sosai, sannan a ɗaure notin daidai wa daida. Idan ya riga ya yi gurbi a jikinsa a sa sabo, kuma na hagu da na dama su kalli ɓangarori mabambanta, in ba haka ba hannuwan biyu ba za su miƙe a layi ɗaya ba. A keken gwanjo ƙusa ɗaya ce a tsakiyar hannun fedar, kuma ranar da aka ji ta saki a ranar za a ɗaure ta, domin hannun na alminiyam ne, tafiya kaɗan a sake tana faɗaɗa raminsa har ya tashi daga aiki. Fedar kanta da sifana 15 ake cire ta, amma ta hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notina.

Robar birki idan ta cinye har layukan da ke fuskarta suka ɓace, ko ta taurare ta yi sheƙi, a canza ta; idan da sauranta, a tsince tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfen da suka nutse a cikinta da bakin allura, a ɗan goge ta da samfefa. Gidan da robar ke zama a birkin ƙarfe yana da rufaffen gefe da buɗaɗɗe, kuma rufaffen ne zai kasance ta inda rim ke nufa, don kada juyawar ƙafa ta zare robar a lokacin da aka fi bukatarta. A daidaita tazarar roba da rim ta zama kamar milimita 2 zuwa 3, ta sauka a kan rim sosai ba tare da ta taɓa taya ba, kuma idan an matse hannun birki kada ya kai ga mariƙi. A ɗiga mai a mahaɗan sandunan birki, a kiyaye kada ko kaɗan ya taɓa rim ko roba. Wayar birki da ta fara warwarewa ko ta yi tsatsa ba a lallaɓa ta, canza ta ake yi. Mai birkin faifai kada ya taɓa faifan da hannu mai maiƙo, ya riƙa goge shi da sifirit, kuma idan birkin na ruwa ne kada ya matsa hannunsa alhali ƙafar tana cire. Ruwan ma iri biyu ne, na kamfanin Shimano man ma'adini ne, wasu kuma irin na mota suke sha, kuma zuba wani a madadin wani yana lalata robobin ciki.

Giya ba ta cika bukatar taɓawa ba idan wayarta na da kyau. Kusoshi biyun da ke jikinta masu alamar H da L iyaka kawai suke yi wa sarƙa don kada ta faɗa waje ko cikin sifok, saboda haka idan giya tana jinkirin hawa ko sauka ba su ake juyawa ba, ɗan maɗaurin da ke inda waya ta shiga ake juyawa rabi-rabi har ƙarar ta ɗauke. Idan an yi haka ba ta daidaita ba, a tsaya a bayan keken a duba ko ƙarfen da giyar ke rataye a jikinsa ya lanƙwashe ciki, abin da ke faruwa idan keke ya faɗi ta dama. Shi ya sa idan za a kwantar da mai giya a ƙasa, ta hagu ake kwantar da shi.

Don duba wuyan keke, a matse birkin gaba a tura keken gaba da baya. Idan an ji ƙwanƙwasa a wuya, a sassauta notin sama, a ɗan ɗaure na ƙasa har ƙarar ta ɓace amma kan yana juyawa sakayau, sannan a kulle. Tsayin sirdi kuwa, a zauna a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar mahayin ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. A zaro sandar sirdin a shafa mata giris don kada tsatsa ta haɗe ta da firam, kuma kada a ɗaga ta ta wuce layin iyaka da aka zana a jikinta.

Kayan ƙari

Kariyar ɗaukar kaya ta alminiyam ta kekunan gwanjo yawanci an buga mata iyakar nauyin da za ta ɗauka a jikinta, sau da yawa kilo 25, don haka ba ta goyon babban mutum ba ce. Ta ƙarfe ta baƙin keke ta fi ta juriya nesa ba kusa ba, amma sifok ɗin baya ne ke biyan kuɗin lodin, saboda haka mai ɗaukar jarkoki ko buhu ya raba nauyin gefe biyu, ya saukar da shi ƙasa gwargwadon iko, ya kuma ƙara wa tayar baya iska. Fitila fara a gaba da ja a baya wajibi ce ga duk mai fita da asuba ko bayan magariba, kuma masu caji sun fi dainamo mai gogar taya amfani a cikin gari, domin shi dainamo yana mutuwa ne daidai lokacin da aka tsaya a mahaɗar hanya. Ƙararrawa da hular kwano ba ado ba ne ga mai shiga cikin motoci da babura. Wajen kulle keke, sarƙar kwaɗon ta ratsa firam da ƙafar baya ta zagaye wani abu kafaffe, kuma a kwafi lambar firam, wadda galibi take ƙarƙashin gindin feda ko kusa da sandar sirdi, a ajiye ta tare da rasiɗin saye.

Idan an gama haɗa komai, a bi notinan ƙafafu da na kai da na sirdi da na kariya ɗaya bayan ɗaya da sifana, a ɗaga keken kaɗan a sake shi ya dira a ji ko wani abu zai yi ƙara, sannan a gwada shi a fili marar motoci, a taka birkin gaba da na baya dabam-dabam, a bi giyoyin duka. Bayan kwana uku ko huɗu ana hawa, a sake komawa kan abubuwan da aka sa sababbi, domin sabuwar waya tana ɗan miƙewa, sabon kotafin yana ƙara zama ya bukaci bugu ɗaya ko biyu, sifok ɗin da aka ɗaure kuma sukan ɗan saki kafin su tsaya a inda za su tsaya.